Ɗakin Labarin Unguwa: Jawabi A Kan Miskin Ta Birnin Bangi

  Tun da safe mu ke jin labarin shekarun da suka wuce. An kira sunayen waɗanda suka riga mu, an kuma nuna mana tsofaffin hotuna. Na lura da abu guda. Duk sa'ad da wani tsoho ya miƙe ya ce, "Ni ina wurin ran nan," sai ɗaki ya yi tsit, har yara su bar motsi. Karatun takarda bai sa mu yin shiru irin wannan ba. A kan wannan na ke so in yi magana, amma sai na ɗauke ku zuwa wani gari mai nisa tukuna, inda a kan ji Hausa a kasuwa.

Bangi na ke nufi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda Faransawa su ke rubutawa Bangui. Yana bakin kogin Ubangi. In ka tsaya a gaɓa kana hangen ƙasar Kwango a ƙetare. Ba tsohon gari ba ne kamar Kano ko Katsina. Cikin watan Yuni 1889 Faransawa suka kafa bariki a wurin, kusa da duwatsun da su ke tare jiragen ruwa, daga nan gari ya tsiro. Turawa suka zauna bakin kogi da ofisoshinsu da kantunansu, baƙar fata kuwa aka tura su can baya. Daga tsakiyar gari a ke auna nisan wurare da kilomita. In ka bi titin Boganda ka yi kilomita biyar, sai ka iske babbar kasuwa da babban masallaci. Wurin nan shi ne Kilomita Biyar, a takarda a kan rubuta PK5. Dab da shi, a kan titin Koudoukou, ga unguwar Miskin.

Kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta a kan wannan suna, gama mun san miskini. Waɗanda suka cika wannan yanki fatake ne da 'yan ƙwadago: Hausawa, da Barebari, da Fulani, da Larabawan Cadi, da mutanen Sanagal da Mali da Kamaru, tare da 'yan ƙasa, Gbaya da Banda da Yakoma da sauransu, waɗanda suka baro ƙauyukansu neman aiki. Sango shi ne harshen da ya haɗa su duka. Ko sunayen unguwannin ma labari ne. Akwai unguwar Sanagalawa, akwai ta Kamarawa, akwai ta Sara, akwai wadda a ke kira Mamadou Mbaïki. Mutumin Kano zai tuna da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi. Haka gari ya ke rubuta asalinsa a bakin mutane: wane ya zo daga wuri kaza, ya sauka nan, 'yan'uwansa suka biyo shi.

Titin nan na Koudoukou sunan wani hafsan soja ne ɗan ƙasar, Georges Koudoukou, wanda ya bi Janar de Gaulle a yaƙin Hitila. An yi masa rauni a Bir Hakeim cikin hamadar Libiya cikin 1942, ya mutu a Iskandariya. Labarinsa yana cikin littattafai, ya kuwa cancanta. Amma matar da ta yi shekara talatin tana tuyan fanke a bakin titin nan fa, da telan da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan salla da na Kirsimati, da ungozomar da ta yanke cibiyar 'ya'yan Musulmi da na Kirista, wane littafi ya san su? Su ne Miskin kuwa.

Yanzu ga abin da ya auku. Zan faɗe shi a gajarce, gama ba labari ne mai daɗin faɗi ba. Ran 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka ci Bangi, Michel Djotodia ya hau mulki. Yawancin mayaƙansu Musulmi ne daga arewa maso gabas, da waɗansu daga Cadi da Sudan, sun kuwa yi kisa da ƙwace da yawa. Ran 5 ga Disamba na shekaran nan 'yan Anti-balaka suka faɗa wa birnin, aka yi kwanaki ana kashe-kashe. Da Djotodia ya sauka ran 10 ga Janairu 2014, sai fushin da aka tara wa Seleka ya koma kan kowane Musulmi, har da wanda aka haifi kakansa a Bangi. Musulmin Miskin suka watse, aka wawashe gidajensu. Waɗansu suka shige Kilomita Biyar, wadda ta zama musu kamar kurkuku, waɗansu suka hau manyan motoci zuwa Cadi da Kamaru. Kiristan da su ke zaune kewaye da kasuwar su ma suka gudu. Wajen mutum 100,000 suka tare a filin jirgin sama na M'Poko, suna kwana ƙarƙashin fukafukan matattun jirage. An faɗa wa majami'ar Fatima, wadda ta ke kusa da Kilomita Biyar, ran 28 ga Mayu 2014, aka kuma sake ran 1 ga Mayu 2018, aka kashe mutane a ciki. Cikin Maris 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce cikin masallatai 436 na ƙasar an rushe 417.

An yi ƙoƙarin gyara, kada mu manta. Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou, da Limam Oumar Kobine Layama, da Babban Bishop Dieudonné Nzapalainga sun yi ta yawo tare gari gari suna roƙon a bar kisa. Paparoma Faransis ya shiga babban masallacin Kilomita Biyar ran 30 ga Nuwamba 2015. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne zancen maƙabarta. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, kusa da filin jirgi, fiye da shekara biyu kuwa mutanen Kilomita Biyar ba su da hanyar kai gawa can. Sai cikin Fabrairu 2016 unguwannin biyu suka sa hannu a takardar amana, hanya ta buɗe. Ku duba, 'yan'uwa: sai da aka yi yarjejeniya kafin mutum ya iya binne uwarsa kusa da ubansa.

Bango in ya faɗi a kan tā da shi. Kasuwa in ta ƙone a kan sake kafa rumfuna. Amma akwai hasara wadda magini ba ya iya gyarawa. Yaron da aka haifa cikin 2014 ya buɗi ido ya tarar da kango kusa da gidansu. Bai san mai gidan ba, bai san uwarsa ta sha aro turmi a can ba. Abin da ya sani shi ne, mutanen can ƙetaren titi abin tsoro ne. Ɗan'uwansa kuma da aka haifa a Garoua-Boulaï ta Kamaru, ko a kudancin Cadi, ana ce masa shi ɗan Miskin ne, amma abin da ya fi ji game da ita shi ne daren gudu. In tsofaffin da suka san zaman dā suka ƙare, to, labarin unguwar zai fara daga 2013 ke nan. Ƙarya ce kuwa, ko da ya ke ba wanda ya shirya ta.

Bangi ba ta rasa wuraren ajiye al'ada ba. Akwai gidan kayan tarihi na ƙasa mai sunan Barthélemy Boganda, mutumin da ya ja ƙasar zuwa mulkin kai, ya mutu cikin hatsarin jirgin sama ran 29 ga Maris 1959, kafin a sami 'yanci ran 13 ga Agusta 1960. An kafa gidan cikin 1964, aka buɗe shi cikin 1966, aka tara ganguna da tukwane da makamai da kayan farauta na kabilun ƙasar. Da yaƙi ya zo sai aka rufe shi, aka zuba kayan cikin akwatunan katako. Ba na rena aikin nan ko kaɗan. Amma tukunya ba ta magana. Tana nuna maka yadda Banda su ke gini, ba ta gaya maka wa ya zauna kusa da wa.

Akwai kuma wani gidan wasa da Vincent Mambachaka ya kafa, ya sa masa suna Linga Tere. Sunan ya gamshe ni ƙwarai. Linga ita ce gangar itace da a ke aika saƙo da ita daga ƙauye zuwa ƙauye. Tere kuwa shi ne Gizonsu, mai wayon nan na cikin tatsuniya. Watau ganga da tatsuniya a ɗaki ɗaya. Bayan yaƙi kuma 'yan garin suka fara ba da labarinsu da kansu. Wani mai zane, Didier Kassaï, ya zana abin da idonsa ya gani a titunan Bangi, aka buga littafin cikin 2015 da sunan Tempête sur Bangui, watau hadari a kan Bangi. Cikin 2017 aka koya wa waɗansu samari da 'yan mata ɗaukar majigi a Alliance Française ta Bangi, suka shiga unguwanni suna ɗaukar zaman talakawa. Ɗaya daga cikinsu, Rafiki Fariala, an nuna aikinsa a Berlin cikin 2022. Waɗannan duka hanya ce mai kyau. Abin da na ke fata shi ne a kai irin wannan aiki har cikin unguwa, ya zama tsohuwa da ba ta iya zane ba, ba ta jin Faransanci, ita ma tana da wurin da za ta zauna ta faɗi nata.

An taɓa yin haka a wani gari, bari in ba ku labarinsa, gama ya shafe mu ta wata fuska. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai wata unguwa da a ke kira Gunduma ta Shida, kusa da tashar jiragen ruwa. Musulmi da Kirista da Yahudawa, baƙaƙe da Indiyawa da ruwa-biyu, duk suna zaune a cakuɗe. Ran 11 ga Fabrairu 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce daga yau unguwar ta Turawa ce kaɗai. Aka kawo motocin rusau. Kafin a gama an kwashe mutum fiye da 60,000, aka watsa su can bayan gari. Kusan ba a bar kome tsaye ba sai waɗansu masallatai da majami'u a tsakiyar fili.

Cikin Disamba 1994 mutanen unguwar suka buɗe ɗakin tunawa da ita cikin wata tsohuwar majami'ar Methodist. Ba su da kayan tarihi masu tsada. Abin da suka yi shi ne, suka shimfiɗa babbar taswirar unguwar a ƙasa, ta cika tsakar ɗakin, da kowane titi da kowane lungu. Wanda ya taɓa zama a can sai ya zo, ya durƙusa, ya nemi inda gidansu ya ke, ya rubuta sunan iyalinsu a wurin. Mai zuwa bayansa ya ga sunan ya ce, "Af, ai maƙwabtanmu ne!" Sai labari ya ɓarke. Allunan sunayen tituna kuma, wani daga cikin ma'aikatan rusau ya ɓoye su maimakon ya zubar, daga baya aka rataye su a ɗakin. Aka ajiye dogon ƙyalle inda mutane su ke rubuta abin da suka tuna, mata su bi rubutun da zare da allura don kada ya goge. Tsofaffin mazauna unguwar ne kuma aka sa su zaga da baƙi. Taswira da alƙalami da ɗaki mai inuwa, iyakar jarin ke nan. Ban ga abin da zai hana a yi wa Miskin haka ba, ko Kilomita Biyar, ko kowace unguwa tamu da rikici ya raba, ku kuwa kun san muna da su.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan aiki. Tarihin sarakuna muna da shi tun dā, na Kano ya jera su tun daga Bagauda. Amma abin da muka sani na zaman talaka, yawancinsa daga bakin waɗansu mutane kaɗan ne da aka zauna aka saurare su. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bauta, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila cikin 1855. A can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa da Hausa yadda ya fito daga bakinsa, yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Baba ta Karo kuma, tsohuwa ce a ƙasar Zazzau. Cikin 1949 da 1950 Mary Smith ta yi ta zama da ita tana rubutawa, aka buga cikin 1954, bayan Baba ta rasu. Daga bakinta a ke sanin yadda mahara su ke satar mutane, da yadda a ke ƙawance da aure da goyo a zamanin nan. Da an dakata shekara biyu da ba a samu ba.

Na san abin da wani dattijo zai ce, yana kuwa da gaskiya. Zai ce, "Malam, in ka tara mutanen nan ka ce kowa ya faɗi nasa, ai tsohon miki za ka fama. Wannan zai ce ɗan wane ne ya kashe ƙanena, ga shi can yana yawo." Hakanan ne. Saboda haka a bambanta ɗakin labari da ɗakin shari'a. Ƙasar ta kafa kotu ta musamman domin laifofin yaƙi bisa dokar 2015, mai ƙara ya kai can. A ɗakin labari kuwa, a ganina, a fara da shekarun da suka riga yaƙi. A tambayi wa ya fara gina gida a layin nan, ina a ke ɗiban ruwa, wa ya fara kiran wurin Miskin, me ya sa. Mutum biyu da ba su iya haɗa ido a kan zancen 2014, sau da yawa suna iya yin gardama mai daɗi a kan wace shekara aka kawo famfo. Amma fa in tsohuwa ta kai kan ranar da aka kashe ɗanta, kada a ce mata ta yi shiru don a zauna lafiya. A bar ta ta faɗa, a rubuta. Sunan wanda ta ke tuhuma ne kaɗai ba za a kafa a bango ba. Ɗakin da ya karɓi labarin daɗi kaɗai, ba a daɗe mutane za su gane, su daina zuwa.

Wani abu kuma, kada ɗakin ya zama na gefe ɗaya. In cikin harabar majami'a ya ke, akwai wanda ba zai taka ba. In cikin harabar masallaci ne, haka. A Cape Town majami'a ta yi, domin mutanen unguwar sun san ta da tsayawa tare da su a zamanin wariya. A Miskin sai mutanen wurin su zaɓi inda kowa zai shiga ba da faɗuwar gaba ba, ko ajin makaranta ne, ko rumfa a bakin kasuwa. Masu riƙon mabuɗi kuma su zama daga nan da can.

To, ina ruwanmu, mu da mu ke nesa? Ruwanmu biyu ne. Na fari, cikin Janairu 2014 Nijeriya da Nijar da waɗansu ƙasashe sun aika da jirage suka kwaso mutanensu daga Bangi. Cikinsu akwai waɗanda a can aka haife su, Sango ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Watakila akwai irinsu a garinku, kuna ce musu 'yan gudun hijira, ba ku taɓa tambayarsu sunan unguwarsu ba. Wani yanki na Miskin yana cikin kansu. Na biyu, da yawa cikinku kun fito daga gidajen Musulmi. Kuna da kawu da gwaggo a wancan gefe, kuna da 'yan'uwa a wannan. Kun san yadda a ke sallama a zaure, kun san lokacin da ba a tsare tsoho da magana domin salla ta yi. Kun kuma iya karatu da rubutu da Hausa. Ba kowa ya ke da waɗannan duka a hannu ɗaya ba. Wahalar da kuka sha ta zama tsakanin gida biyu, a nan tana da amfani.

Ga yadda na ga ya kamata a yi, ga wanda ya ke da niyya. Ka fara da wanda ya fi tsufa, gama shi ne ba ya jira. Ka je gidansa da kanka, zumunta a ƙafa ta ke, ka riƙa ɗan goro. Kada ka fito da takarda ran fari. Ka gaya masa abin da za a yi da maganarsa, da wanda zai ji ta, in ya ƙi ka bar shi. Wurin tsofaffin mata kuwa mata su je, gama akwai abin da ba za a faɗa gaban namiji ba, ya kuwa fi rabin labarin unguwa. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya. A rubuta da harshen da aka yi maganar, Sango ko Hausa ko Fulatanci ko Larabci, fassara ta biyo baya. Kada ka gyara masa magana don ta yi kyau. In ya ce shekarar da aka yi ambaliya, ka rubuta haka, ka nemi lissafin shekarar daga baya. In ka gama ka koma ka karanta masa, ya ce i ko a'a. Sa'an nan a yi kofe uku a ajiye wuri uku, ɗaya a wani gari dabam, gama mun ga yadda yaƙi ya rufe gidan Boganda.

Tambayar fari kuma kada ta zama ta yaƙi, kada ta zama ta addini. Ka shimfiɗa takarda fara a gabansa, ka ja layi guda ka ce, "Baba, ga titi, ga ƙofar gidanku. Wa ke hannun dama, wa ke hannun hagu?" Sa'an nan ka yi shiru, ka bar shi ya jera su.

Iyakar maganata ke nan.